Kar Ki Karɓi Furen Amarya

Ku da kuka cika min akwatin saƙo da "Nari, ina labarin mai lif?", to ku gyara zama. Labari ya samu, kuma ni kaina ban gama dawowa hayyacina ba. Amma bari in ɗauko shi daga tushe, don na ga sababbin sunaye a shafin nan, kada su tsaya suna raba ido.

Sunana Pyo Nari, shekarata talatin da ɗaya. Ina koyar da 'yan shekara biyar a wata makarantar renon yara a nan Jeonju, kuma har yau ina gidan iyayena, a ɗakin da na yi karatun jarrabawar shiga jami'a. Mu huɗu ne tun sakandare: ni, Sodam, Chorong da Miru. Chorong ta yi aure shekara biyu da suka wuce ta koma Seoul. Miru ta ce ita da aure ko a mafarki, ta ɗauko kyanwa biyu ta rufe zancen. Sodam ce amaryar bana, Asabar ɗin ƙarshe ta watan Mayu.

Da aka zo maganar walimar ƙawaye, wato kwana biyun da za mu ɗauke amarya mu kai ta Seoul mu yi ban kwana da 'yanmatancinta, ko shawara ba a yi ba.

"Nari ce ta iya hura balan-balan," in ji Chorong.

Shi ke nan aka ɗora min. Shekara takwas ina aikin koyarwa, abin da ƙawayena suka ɗauka a ciki ke nan.

Ranar Litinin da yamma ina zaune a ƙasan ɗakina, na baje ƙyallaye uku na gwaji da hotunan ɗakunan haya goma sha ɗaya, zauren hirarmu na waya yana ta ƙara ba ƙaƙƙautawa.

Chorong: Ɗakin da ake ganin kogin Han ta taga. In babu kogi ku cire sunana.

Miru: Ke da kike zaune a Seoul ɗin?

Chorong: Daga falona bangon maƙwabta nake gani, da wandunan mijin matar.

Miru: Ni dai ba zan sa doguwar riga ba. Na faɗa tun da wuri.

Chorong: Za ki sa. Amarya fara, mu uku ruwan madara, kowa da fure a wuyan hannu. Haka kowa yake yi.

Miru: Kowan ya zo ya sa min.

Ni: Na samo wando mai faɗi ruwan madara, daga nesa sai a ce siket ne. Miru, yi shiru. Chorong, yi shiru. Me za a rubuta a kan kek?

Miru: "Har yanzu kina iya fasawa."

Chorong: Ke dai ba ki da kirki.

Sodam duk wannan lokacin tana wajen gwajin rigar aure. Can sai ga ta.

Sodam: Nari-ya, kafin in manta. Furena ke za ki karɓa. Mai gabatar da biki yana son a ba shi sunan zuwa ranar Lahadi.

Chorong ta turo tafi ya fi ashirin. Miru ta turo hoton kyanwarta ta zare ido. Ni kuwa na kifa wayar a kan ƙyallayen.

Kun san yadda abin yake a wajenmu. Amarya ba ta wurga fure cikin taro a yi wawaso. Tun kafin biki take zaɓar mutum ɗaya, a kira ta gaban jama'a, mai hoto ya tsayar da ita a bayan amarya, a jefa sau biyu ko uku har hoton ya yi kyau. Kuma ba a bai wa kowa sai wadda nata auren ya matso. Wadda ta karɓa ta kasa yin aure cikin wata shida, to sai ta shekara uku a zaune. Tsofaffi ne suke faɗa, mu muna dariya, muna ƙirga watannin a ɓoye. Abin da ya fi camfin nauyi shi ne idon mutane: fita karɓar furen daidai yake da ki tsaya gaban rabin Jeonju ki ce, ku dube ni, ni ce ta gaba.

Ta gaba da wa? To, nan ne maganar mai lif ta shigo.

Gwak Dongha shi ne mutumin da Umma da wata ƙawarta suka haɗa ni da shi wata huɗu da suka wuce. Shekararsa talatin da biyar, yana Seoul, aikinsa duba lafiyar lif, na'urar hawa da sauka, a dogayen gine-gine. Haɗuwar farko na je da niyyar in kurɓi shayi in gudu. Mutumin ya yi minti arba'in yana min bayanin igiyar ƙarfe, na riƙa danne hamma har idona ya kawo ruwa. A haɗuwa ta biyu, wadda Umma ta tura ni da tsiya, ya ajiye min ƙaramin ƙunshi a kan tebur. Almakashin bahago ne. Ya lura da hannun da na riƙe cokali. Shekara takwas ina yanka takardun yara da almakashin dama har babban yatsana ya yi kanta, ba wanda ya taɓa lura, har uwar da ta haife ni.

Tun daga nan duk bayan Asabar ɗaya yake hawo jirgin ƙasa ya zo, mu ci abinci, mu zaga, ya raka ni har ƙofar gida, ya rusuna ya tafi. Har yanzu "Nari-ssi" yake kirana, kamar ya zo karɓar takarda a ofishina. Kalmar aure ba ta taɓa fitowa daga bakinsa ba, ko da kuskure.

Ina son sa. To, na faɗa, ku daina tambayata.

Ranar Talata na dawo daga aiki na tarar da Appa, mahaifina, shi kaɗai yana kallon wasan baduk, darar nan ta baƙaƙe da fararen duwatsu, a talabijin. Ban gama wanke hannu ba na ji ƙarar makullin ƙofa. Umma ce ta dawo daga gidan wankan jama'a, fuska jajir, kwandon sabulu a hannu. A nan na tuna cewa mahaifiyar Sodam ma ranar Talata take zuwa wankan, kuma kujerunsu na kusa da juna.

"Wata shida," ta ce tun daga bakin ƙofa, ko takalmi ba ta cire ba. "Nuwamba ke nan."

"Umma, sannu da dawowa."

"Zaurukan biki na Nuwamba tun bara aka kame su. Sai dai mu samu na ƙarfe sha ɗaya na safe, ko wanda wasu suka fasa. Na fasawar ma ba laifi, zaure ba shi da laifin kowa."

"Ban ce zan karɓa ba fa."

"Au, tsayawa za ki yi sai an kawo miki a faranti? Uwar Sodam tana cuɗa min baya take gaya min, gaban mata sun fi goma. Sai ga kowa yana min barka, ni ina tsirara ina amsawa, ban san komai ba. Haka ake yi wa uwa?"

"Jiya da yamma aka faɗa min!"

"Jiya da yamma ba a gidan nan kika ci abinci ba?" Ta juya wajen Appa. "Baban Nari, ka ce wani abu mana."

Appa bai ɗauke ido daga talabijin ba. "Mai baƙaƙen duwatsu ya yi kuskure a kusurwar can," ya ce.

Umma ta yi tsaki ta shige kicin. Ina jin ta tana buɗe firjin kimchi, kabejin da take tsimawa da yaji, tana magana ita kaɗai: surukina ya rame a zuwansa na ƙarshe, surukina yana son soyayyun ƙananan kifi da gyaɗa, surukina ba shi da mai yi masa girki a Seoul. Mutumin da sau biyu kacal ta gan shi, shi ma ta taga.

Ranar Laraba, lokacin da yara suka kwanta barcin rana, na zauna a kan 'yar kujerarsu gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata, na fara rubuta masa saƙo. Na rubuta na goge ya kai sau tara. Na farko ya yi kama da roƙo. Na huɗu ya yi kama da sammaci. A ƙarshe na tura wannan:

"Dongha-ssi, ka ji abin dariya. Sodam ta ce wai ni take so in karɓi furenta. Ya kake gani?"

Na ƙara fuskar dariya guda biyu don a ga ko a jikina.

Ƙarfe ɗaya da minti goma sha biyu 'yar lambar da ke gefen saƙon ta ɓace. Ya karanta. Na jira. Yara suka tashi, aka sha madara, wani ya cusa wake a hancinsa aka ciro, iyaye suka zo suka kwashe 'ya'yansu. Shiru. Mai kek ta turo tana tambaya ko ruwan hoda nake so ko fari, na yi tsalle na ɗauki wayar har na buge gwiwa da tebur. Na ce mata duk wanda ta ga dama.

Sai washegari, Alhamis, ƙarfe tara da minti uku na safe, amsa ta zo.

"Nari-ssi, don Allah kar ki karɓa. Kin ce za ki zo Seoul ranar Asabar duba ɗaki. Zan yi miki bayani a can."

Ba fuskar dariya, ba komai. Na karanta shi a tsaye a bakin aji, wata yarinya tana jan rigata wai in ɗaure mata gashi. Na ɗaure mata, ya karkace, ta ce bai yi kyau ba, na ce haka ake yayi yanzu.

Ban gaya wa Sodam ba, amarya tana da abin da ya ishe ta. Na tura wa sauran biyun hoton saƙon, kowacce ita kaɗai.

Chorong: Namijin da ya ce sai Asabar zai yi bayani, sallama ce. Ki sa jan baki mai kyau ki je ki riga shi.

Miru: Ƙaramar kyanwata tana da ciki. In ajiye miki ɗaya?

Na yi dariya, daga nan na shiga banɗakin malamai na yi kuka na minti huɗu, don minti biyar ne hutuna.

Juma'a duk na yi ta a kan shirin walima kamar raina ya dogara da shi. Na yanka haruffan sunan Sodam da takardar zinariya. Na zaɓi mayafin amarya gajere mai lu'ulu'un roba. Na tsara cewa da rana za mu shiga rumfar hoto mai fitar da hoto huɗu a jere, da yamma mu ci gasasshen nama, mu koma ɗaki a yanka kek, kowacce ta karanta wa Sodam wasiƙar da ta rubuta. Na zauna rubuta tawa, na kasa wuce "Sodam-a".

Asabar da safe na fito da shirin tafiya: riga mai ruwan toka, farin takalmin roba, jan bakin da Chorong ta ce. Na tarar da teburin kicin cike da robobin abinci. Soyayyun kifin, saiwar lotus, dangin bado, a miyar waken soya, kimchin kokwamba, naman da ta kwana biyu tana jiƙawa. Umma tana ɗaure su da ƙyallen siliki ruwan hoda, irin wanda sai za a kai kaya gidan manya take fito da shi.

"Ki ce wa surukina na saman ya fara ci, shi ne ba ya jimawa. Kuma ki yi masa maganar Nuwamba a hankali, kar ki faɗo masa da ita kamar yadda kika saba."

"Umma, ki bar shi."

"In bar me? Ba nauyi, hannu ɗaya ma ya isa."

"Ya ce kar in karɓa."

Hannunta ya tsaya a kan ƙullin. Na buɗe saƙon na miƙa mata. Ta nisantar da wayar daga idonta, ta karanta, ta sake karantawa, leɓenta yana motsi.

Na jira ihu. Na jira a ce laifina ne, ni ce na cika baki, ni ce ba na dariya da kyau. Ba ta ce ko ɗaya ba. Ta kwance ƙyallen a hankali, ta ninke shi gida huɗu, ta fara mayar da robobin cikin firji ɗaya bayan ɗaya.

"Kina son sa?" ta ce, bayanta a wajena.

"Eh."

Ta daɗe tana gyara zaman wata roba da ba ta buƙatar gyara.

"Je ki, kar jirgi ya bar ki."

Ya kamata shirun nan ya tsorata ni. Shekara talatin da ɗaya na san matar nan. Amma hankalina yana wani wuri.

Chorong ta tare ni a tashar Yongsan da tabarau mai faɗi da jaka a gwiwar hannu. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce jan bakin ya yi, takalmin ne abin tausayi. Muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa unguwar Hapjeong.

Ɗakin yana hawa na goma sha bakwai. Matar da ke bayar da hayarsa ta buɗe mana tana ta yabon kayanta: doguwar kujera fara, madubi daga ƙasa har sama, kwanuka masu bakin zinariya, labule mai shara-shara. Bango ɗaya fes, daidai inda zan jera balan-balan. Na ciro tef na auna.

"Ina kogin?" in ji Chorong.

"Ga shi nan," matar ta nuna.

Muka duba. Wani gini ne ruwan ƙasa, da na'urorin sanyaya ɗaki a jere.

"Sai kin matsa kusurwa, ki ɗan leƙa hagu."

Chorong ta manna kuncinta da gilashi, ta ɗaga ƙafa ɗaya. "Na gan shi! Kai, Nari, faɗinsa bai kai tsinken cin abinci ba."

"Kogi ne ko ba kogi ba?"

"Kogi ne."

"To mun ɗauka."

"Wato ranar sai mu riƙa bin layi muna leƙawa ɗaya bayan ɗaya?"

"Amarya ta fara, ke ta ƙarshe."

Ta bi ni da kallo. "Ke, lafiyarki kuwa? Ɗaki goma sha ɗaya kika tara, yanzu kin ɗauki na farko da aka nuna miki."

"Ƙarfe biyu Dongha-ssi ya ce zai jira ni a ƙasan ginin nan. Saura minti shida."

Da lif ya buɗe a ƙasa, ga shi tsaye a gefe, ya sunkuya yana karanta takardar binciken lif ɗin da aka manna a bango. Ba ya iya wucewa bai karanta ba. Abin da ya tsinka min zuciya shi ne kayan jikinsa: kwat baƙa, farar riga, har da laktaye. Tun da na san shi ban taɓa ganinsa da laktaye ba. Na ce a raina, kin gani, mutumin kirki ne, ko korar ma sai da ya yi mata ado.

Ya rusuna wa Chorong. Ta amsa da ƙyar, ta matse min hannu, ta raɗa min, "Ki riga shi." Ta tafi takalminta yana ƙwas-ƙwas.

Akwai gidan shayi a ƙasan ginin. Muka zauna kusa da taga. Ya karɓo min shayin lemon zuma ba tare da ya tambaya ba, shi nake sha kullum, wannan ma ya ƙara ɓata min rai. Ya ajiye wayarsa a gefen tebur, ya gyara ta ta yi daidai da bakin teburin, ya share gumi. Tawa wayar ta yi motsi a cinyata. Na leƙa ta ƙarƙashin tebur. Umma ce.

"Yanzu na ajiye waya da uwarsa. Na ce mata ba mu roƙi kowa ba, su riƙe ɗansu mu riƙe 'yarmu. Na ƙara da wasu maganganu. Ki ci abinci kafin ki hau jirgi."

Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Daɗi mai ɗaci, amma daɗi. Na ce madalla, aƙalla wani a gidanmu ya riga su. Na ɗago kai na gyara zama.

"Ina jin ka, Dongha-ssi. Ka taƙaita, ina da balan-balan ɗin saye."

Ya sa hannu a aljihun kwat ya ciro wata takarda a ninke. Ya buɗe ta a kan tebur ya shafe ta da tafin hannu. Kalanda ce, irin ta shekara guda a shafi ɗaya, ya liƙa mata ta baɗi a ƙasa da salatif. Duk ta sha fensir.

"Bikin Sodam-ssi nan ne," ya ɗora yatsa a ƙarshen Mayu. "In kika karɓi furen, wata shida zai cika nan." Yatsan ya sauka ƙarshen Nuwamba.

"Na iya ƙirga."

"Yayata za ta yi aure nan, a Oktoba. Na taɓa gaya miki."

Ya taɓa. Ban ga abin da ya haɗa ni da auren yayarsa ba.

"Mahaifiyata ba za ta aurar da 'ya'ya biyu a shekara ɗaya ba. Ta ce sa'ar gida rabuwa take yi, ɗaya ya kwashe ya bar ɗaya. Ranar Laraba da na ga saƙonki na kira ta, na tambaya ko Janairu zai yi, tunda an shiga sabuwar shekara. Ta ce ita da shekarar wata take aiki, sai an wuce Seollal, bikin sabuwar shekarar watan. Na sake kira ranar Alhamis ko ta sauya. Ba ta sauya ba." Yatsan ya gangara kan takardar da ya liƙa, ya tsaya a wani da'ira da aka zagaye sau da yawa har fensirin ya kusa huda wurin. "Mafi kusa nan ne. Ƙarshen Fabrairu. Wata tara."

Na dubi da'irar. Na dube shi.

"Wata shida ba zai ishe ni ba, Nari-ssi. Akwai giɓin wata uku. Kuma in aka bi abin da ake faɗa, wata ukun nan zai ja mana shekara uku. Ba zan iya jiran shekara uku ba."

Kun san yadda kunne yake yin ɗif in jirgi ya shiga rami? Haka na ji. Bakina ya buɗe, abin da ya fito shi ne mafi wauta a cikin duk abin da zan iya faɗa.

"Kai ka yarda da wannan camfin?"

"Ban yarda ba." Ya gyara laktayensa. "Amma a aikina, ko ka tabbata igiya ba za ta tsinke ba, sai ka duba ta."

"To me ya hana ka rubuta min haka ranar Alhamis? Kwana biyu! Ka san abin da na..." 

"Ban gama tabbatar da ranar ba. Jiya da yamma zauren da na tambaya a Jeonju suka ce akwai wuri. Ba na son in faɗa miki ranar da zan dawo in canza."

Dariya ta taho min tare da hawaye, suka haɗu a maƙogwaro, na fara tari. Ya miƙo min hankici, a goge, a ninke. Mutumin nan ya kira uwarsa sau biyu, ya nemi zaure, ya liƙa kalanda da salatif, duk a kwanakin da ni nake banɗakin malamai ina zaɓar sunan kyanwa.

"Dongha-ssi," na ce da na samu numfashi, "ka san dai har yanzu ba ka tambaye ni komai ba?"

Kunnuwansa suka yi ja. "Na sani. Wannan na sa shi nan." Ya nuna wata 'yar alama a tsakiyar Yuni. "Na kama tebur a wani wuri. Akwai abin da na ba da a yi, sai farkon Yuni zai fito. Ina so a yi shi yadda ya kamata."

A daidai nan wayarsa ta fara rawa a kan tebur.

Daga inda nake zaune ina ganin sunan da ya fito. Shi ma ya gani, ya ɗan haɗa gira.

"Mahaifiyata ce. Ba ta kirana da rana." Ya dube ni da neman izini. "Ko lafiya? Yi haƙuri, bari in..."

Na ƙara da wasu maganganu. Haka saƙon Umma ya ce ɗazu. Na san Ummata, na san irin maganganun da take ƙarawa in an taɓa mata 'ya.  Wayar tana ta matsawa a hankali zuwa bakin tebur, hannunsa ya miƙa.

Na riga shi. Na dafe hannun nasa a kan kalandar, da ƙarfi, har shayina ya fantsala a kan watan Oktoba. Karo na farko ke nan da na taɓa shi da kaina. Ya ɗago a firgice.

"Yuni ya yi nisa," na ce. "Tambaye ni yanzu, kafin ka ɗauka."